Mangwaron Ishaƙu

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu na gare ki.

To. A kan hanyar yashin nan da ta tashi daga Tasawa ta nufi garin Sarkin Hausa akwai wani ƙauye, Kwarin Gawo. Ba wani babban gari ba ne, ko masallacin Juma'a ba su da shi, sai sun taka zuwa gari na gaba. Amma suna da rijiya wadda duk yankin aka sani, ana ce mata Rijiyar Jandarma.

Ga yadda ta samu sunan. Bara, a tsakiyar bazara, ɓarayi suka kore garken wani makiyayi mai suna Ilyasu, wanda rugarsa ke bayan gari. Jandarmomi uku, jami'an tsaro, suka zo daga Tasawa, Alamin da Jamilu da Ishaƙu, yara ne duka, ba wanda ya kai talatin da biyar. Wanda ya shige masu gaba shi ne Jatau, tsohon mai bin sawu, mutumin da in akuya ta ɓace tun shekaranjiya zai gaya maka inda ta tsaya ta yi fitsari. Ya bi sawun shanun har cikin wani kwazazzabo, ashe ɓarayin sun laɓe suna jira. Shanu sun dawo. Jatau ya dawo. Su ukun nan kuwa a bayan mota aka kwashe su.

Mutanen Kwarin Gawo suka ce ba za a bar abin nan ya wuce haka ba. Maza suka yashe tsohuwar rijiya, mata suka yi ta jidar yashi, aka ɗaure bakinta da siminti, don ladan aikin ya je ga mamatan. Da ruwan farko ya sauka aka dasa mangwaro uku a gefenta, kowane da ɗan allon ƙarfe mai suna a gindinsa, kowane da shingen ƙaya.

Jatau bai je dashen ba. Tun daga ranar kwazazzabo bai sake duban ƙasa don kowa ba. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa maza biyu suna can arewa wajen neman abinci, gidan daga shi sai jakarsa, wata tsohuwar jaka mai farin baki. Ruwa ma a tsohon tabki yake ɗiba, don kada ya bi ta rijiyar. Mutane suna gaishe shi, amma suna gaisuwar suna ƙara sauri. Ba wanda ya taɓa ce masa shi ne ya kai yaran ga ajalinsu. Da ma wani ya faɗa, da ya samu abin amsawa.

Ana saura kwana shida a yi addu'ar cika shekara, manya za su zo daga Tasawa da Mayahi, sai ranar Juma'a maza suka dawo daga masallaci suka tarar mangwaro biyu ne a tsaye. Na ukun, na Ishaƙu, babu shi. Rami kawai, da allon suna a tsaye a bakinsa. Ko'ina kuma sawun shanun Ilyasu ne, don sun zo sun sha ruwa bayan azahar.

Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci.

"Dan shanunshi aka kashe yaran nan, shi ne zai saka masu da haka!"

"Tun da aka yi shingen yake ƙorafi wai an rage mashi wurin shayarwa."

Maigari Ya'u ya sa aka kira Ilyasu, ya ce masa in har Laraba ta yi ba a ga itacen ba, ko wanda ya ɗauke shi, to shi da shanunsa sun bar shan ruwan rijiyar nan, kuma za a miƙa shi ga jandarma. A bazara ne fa. Wata rijiyar da za ta ɗauki garke tana da nisan yini guda, ga shanun duk haƙarƙari a waje.

*

Washegari da hantsi Jatau yana zaune yana gyaran akala, sai ga Ilyasu a ƙofar gida. Bai shigo ba. Ya tsuguna a waje, sanda a kan gwiwa.

"Baba Jatau, ban taɓa roƙonka komai ba tun wancan."

"Wancan ɗin ma da ba ka roƙa ba ya fi."

"Haka ne." Ilyasu ya shiga zanen ƙasa da yatsa. "Wallahi ko ganye ban taɓa ba. Kullum na zo shayarwa sai na yi masu fatiha, su ukun. Amma wa zai ji? In aka hana ni ruwa, maruƙan ba za su kai damina ba. Kai kaɗai ne ƙasa ke yi wa magana."

"Ta yi mani magana bara. Ka ga inda ta kai mu."

Ilyasu bai tashi ba. Rana ta hau, inuwar katanga ta janye ta bar shi, yana nan tsugune. Jatau ya gama akala, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Can dai ya yi tsaki, ya jawo takalmansa.

*

Rabon Jatau da rijiyar shekara guda. Da mata masu ɗibar ruwa suka hango shi sai hira ta mutu. Bai dubi allunan ba. Ƙasa ya duba, ya ga abin da ya zata: duk garin sun zo kallo sun tattake wurin, ga na shanu a ƙarƙashi.

Amma shingen ƙayar da aka cire daga itacen yana nan gefe guda, an aje shi a tsanake, ba jifa aka yi da shi ba. Saniya ba ta aje ƙaya. Ya sa sanda ya ɗaga shi a hankali. Ƙasar wurin tana da danshin ban ruwa, ƙaya kuma ta tsare ta daga ƙafafun mutane. Sawu ne a kwance, tsaf.

Ƙafa ce ba takalmi, ƙarama, dunduniya duk faso. Ta tsohuwa. Ya leƙa cikin shingen sauran itatuwan biyu, ya sami ƙafar nan a can ma: yatsu suna fuskantar itacen, ga gurbin gwiwa biyu inda aka durƙusa, ga alamar ruwan da aka zuba. Amma a wurin na Ishaƙu, duk sawun da ya gani dunduniya ce ke wajen itacen. Yatsun suna kallon waje. Saran hauyar da ke cikin ramin ma a karkace yake, kamar wanda ya yi haƙa yana duban wani wuri.

"Ɓarauniya mai gadin hanya," in ji Jatau a ransa. Sai dai da ya tsaya a kan sawun ya dubi inda yatsun suka nufa, ba hanya ba ce, ba gari ba ne. Fili ne fetal, sai wata sabara guda.

Ya sa hannu cikin ramin ya damƙo ƙasa. Gara ce a ciki, da toka. Ba ta jiya kaɗai ba, har da tsohuwa wadda ta riga ta haɗe da ƙasa. Wani ya daɗe yana yaƙi da garar nan.

Daga can bayan sabara ya sake tsinto ƙafar, yanzu da takalmin roba, ta nufi yamma. Taku gajere, nauyi a kan yatsu. Ya bi ta har hanyar amalanke, nan ta ɓace cikin sawun jakuna da tayoyi.

Bai gaya wa kowa ba. Bara ya yi saurin cewa ga hanya.

*

Ya fara da Malam Bilal, matashin malamin da ya taɓa cewa a wa'azi allunan nan bidi'a ne. Rabin garin da ba su zargi Ilyasu ba shi suke zargi. Jatau ya same shi yana ɗaurin darni.

"Baba, na faɗa, kuma gobe ma zan faɗa. Rijiya sadaka ce, itace sadaka ce. Allon ne ban yarda da shi ba, kada wata rana jikokinmu su zo suna shafa shi suna neman albarka. To in ni ne, me zai sa in tumɓuke sadakar in bar allon?"

"Ka taɓa sa aka zuba toka a gindinshi?"

"Toka? Ni ko kusa da wurin ba na tsayawa. Kuma ranar ni na yi wa liman ladanci, mutum ɗari sun ji muryata."

Daga nan sai gidan Mushe Shu'aibu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa ake kiransa Mushe, shugaban kwamitin rijiya, wanda ban ruwan itatuwan ke hannunsa. Yana zaune da takardu yana shirya jawabin da zai karanta ranar Alhamis.

"Wannan sabotaj ne, zagon ƙasa, Jatau, ba wani abu ba. Ga manya za su zo, me zan nuna masu? Rami?"

"Mushe, itacen lafiyarshi lau kafin a ɗauke shi?"

Shu'aibu ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Bon. Ya ɗan yi rawaya."

"Ɗan?"

"Wata guda ke nan yana zubar da ganye. Ban faɗa ba, dan za a ce sakacina ne. Na yi niyyar in sayo wani a Tasawa in musanya ba wanda ya sani, ban kai ga yi ba aka riga ni. Kada ka dube ni haka, wallahi ba ni ba ne."

"Tokar fa?"

"Ina ganinta dai. Na zaci matan gari ne."

Jatau ya miƙe, sannan ya tambaya ko iyalan mamatan za su zo.

"Na Alamin da na Jamilu za su zo, bara ma sun zo, uwar Jamilu har suma ta yi. Amma uwar Ishaƙu, wata Biba, can wani ƙauye kusa da Sarkin Hausa a ƙasar Mayahi, ni da kaina na kai mata takardar gayyata bara. Ka san me ta ce? Wai tana da sussuka. Sussuka, Jatau! Ban taɓa ganin zuciya irin wannan ba. Bana ko aikawa ban yi ba."

*

Gidan da ya fi kusa da rijiya na Barira ne, ƙanwar marigayiya matarsa, mai sayar da fura. Ita kaɗai ce a garin ba ta rage masa murya.

"A'a! Yau mushen miji ya tuna hanya? Na zaci kai da jakar taka kun ɗaura aure."

"Ta fi ki shiru, shi ya sa."

"Ta fi ni haƙuri dai, mai zama da kai. Zauna in dama maka, ka rame kamar kara."

Ya sha furar, rabon da ya sha mai daɗinta ya manta. Ya tambaye ta ko ta ga wani a rijiya ranar Juma'a da tsakar rana.

"Wa zai fito a wannan rana? Kowa na ɗaka. Sai wata marar hankali da na hango ta bayan darni, tsohuwa, da goyo, ta lulluɓe jinjirin da mayafi ta nufi yamma. Na ce Allah ya shirya, wace uwa ce ta ba kaka ɗa a wannan zafi."

"Kin san ta?"

"Daga nesa ne. Amma akwai wata baƙuwa da kan zo jefi-jefi ran Juma'a, in maza sun tahi. Ta sha ruwa, ta zauna, ta koma. Farkon zuwanta, bayan damina, ta tambaye ni, ta ce, ɗiyata, ni ban iya karatu ba, wanne ne na mutumin Mayahi? Na ce, wa, Ishaƙu? Ga shi can na ƙarshe. Kai, ka ga yadda ta ja mayafi ta rufe baki ta kau da kai? Kamar na zage ta. Ta je ta zauna kusa da shi ta ba shi baya. Na ce wannan ko gaba suke da mamacin."

Jatau ya aje ƙwaryar a hankali.

Shi ɗan fari ne. Uwarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa na yanka ba, ba ta taɓa goya shi a gaban mutane ba, kakarsa ce ta yi renonsa. In za ta ba shi tuwo sai ta aje akushi tana duban katanga ta ce, a gaya wa wancan abinci na nan. Yana yaro ya zaci ba ta son sa. Sai da ya yi ciwon ƙyanda, yana kwance ido rufe, ya ji wani ya zauna kusa da shi ya ba shi baya, hannu ya zagayo ta baya ya riƙe ƙafarsa.

"Lafiya? Ka yi shiru kamar an ce ka biya."

"Barira, Ishaƙu shi ne babba a ɗakinsu?"

"Yo ni ina na sani? Ka sha furarka."

*

Litinin da sassafe ya ɗaura wa jaka akumari ya kama hanyar yamma. Gonaki ne tsirara hagu da dama, an share ana jiran ruwa, sai kututturen gero da gawo jefi-jefi. Bai gamu da kowa ba sai wani mai amalanke, wanda ya ce e, yakan ɗauko wata tsohuwa ran Juma'a, kuma wannan Juma'ar da goyo ta dawo, ta ƙi zama, a tsaye ta yi tafiyar tana riƙe da ƙarfe. Ya kwatanta masa ƙauyen da gidan.

Bayan azahar ya isa. Gida ne ƙarami a ƙarshen ƙauye, ɗaki ɗaya da rumbu. Ya yi sallama sau uku kafin wata 'yar tsohuwa ta fito, ƙafa ba takalmi. Bai buƙaci duban fuskarta ba, ya san Biba ce, uwar Ishaƙu.

Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu, ta kawo ruwa. Daga inda yake zaune yana hango bayan rumbun: ga mangwaron nan an dasa shi cikin sabuwar ƙasa, an kafa masa 'yar rumfar kara, an zagaye gindin da toka. Ganyen ƙasa sun bushe, amma a can ƙoli akwai jajayen tofo guda biyu. Ita kuwa ta zauna ta ba rumbun baya.

"Baiwar Allah, daga Kwarin Gawo nake."

"Sannu da hanya."

"Sunana Jatau. Ni ne na shige masu gaba ranar."

Ya daɗe yana ɗauke da maganar nan, ya zaci in ta fito wani abu zai faru. Kaza ta wuce. Biba tana duban hannuwanta.

"An gaya mani akwai mai bin sawu," ta ce. "Sawun gaskiya ka bi?"

"Na gaskiya."

"Shanun mutane sun koma ga mai su?"

"Sun koma."

"To. Sha ruwanka, ya yi zafi."

Ya sha. Ruwan ya zuba a rigarsa, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Gara ta ci saiwar," ya ce.

"Ta ci rabi. Na yi ta kai toka, ba ta ji ba. Ƙasar wurin ce." Ta gyara mayafinta. "Kowace Juma'a in tarar ya ƙara lalacewa. Na farko ba a gabana aka yi ba, ba abin da zan iya. Wannan kau ina gani."

"Me ya hana ki gaya wa Mushe Shu'aibu?"

Ta ɗago ta dube shi karo na farko, duban da ake yi wa babba in ya yi tambayar yara.

"In ce mashi me? In ce mene ne nawa?"

Jatau ya sunkuyar da kai. Sannan ya gaya mata zancen Ilyasu, da wa'adin Laraba, da maruƙan da ba za su kai damina ba. Ya ce shi ba zai kira sunanta a gaban mutane ba, ba zai kuma taɓa itacen ba. Zai faɗi abin da ƙasa ta nuna, in sun yarda to, in ba su yarda ba bai san yadda zai yi ba.

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin gyaɗa ta aje kusa da takalmansa. Har ya fita daga garin bai san abin da ke ranta ba.

*

Laraba da hantsi aka taru a bakin rijiya. Maigari Ya'u a kan kujera, kusa da shi Ajidan Abdurrahamane, babban jandarman da ya zo daga Tasawa, wanda yaran uku suka yi aiki a ƙarƙashinsa. Ga Mushe Shu'aibu da takardunsa, ga Malam Bilal. Ilyasu yana tsugune shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da mutane. Shanunsa na can nesa a tsaye, an hana su matsowa, suna jin ƙanshin ruwa suna kuka. Mata sun taru ta bayan darnin Barira.

Maigari ya ce, "Jatau, an ce ka duba. Me ka gani?"

"Ranka ya daɗe, ba Malam Bilal ba ne, yana masallaci, kuma da shi ne allon zai ɗauka. Ba Mushe ba ne, ko da yake ya san itacen na mutuwa ya yi shiru."

Aka yi guna-guni. Shu'aibu ya shiga gyaran takardu.

"Ba Ilyasu ba ne. Wanda ya ɗauki itacen ya tuɓe takalmi kafin ya shiga. Ya durƙusa ya ba na Alamin ruwa, ya ba na Jamilu. Ya haƙa na ukun da saiwarshi, bai tsinke ko ɗaya ba, ya naɗe a zane ya goya a baya. Mace ce, tsohuwa. Wata da watanni tana kawo toka tana kashe mashi gara."

"Wace ce?" in ji Maigari.

Jatau ya je bakin ramin ya tsaya. Ya juya ya ba allon baya, ya tsuguna, ya miƙa hannu ta gefe kamar mai haƙa, fuskarsa na kallon sabara.

"Haka ta tsaya. Sauran biyun ta dube su. Wannan ko sau ɗaya ba ta dube shi ba."

Matasa suka dubi juna. Amma ta bayan darni wata tsohuwa ta ce, "Wayyo Allah," a hankali, Barira kuma ta dafe baki. Maigari ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

"Wannan duk labari ne," in ji Shu'aibu. "Ajidan rapor zai rubuta, ana son suna. Sawun da kai kaɗai ka gani? In ba suna, maganar Maigari na nan."

"E, a faɗi suna!" wasu suka ɗauka. Wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Bara ma haka ya ce ya gani."

To, an dai faɗa. Jatau ya tsaya a bakin ramin. Ya dubi Ilyasu, Ilyasu ya dube shi.

"Ku bar bawan Allah ya shayar da dabbobinshi."

Daga cikin mata muryar ta fito. Suka dare, sai ga Biba, ƙura har gwiwa, ta sauka daga amalanke tun a hanya ta ƙaraso da ƙafa. Ta zo ta durƙusa nesa da Maigari, ta gefe, yadda allon na uku ke bayanta.

"Ni na ɗauka, ranka ya daɗe. Yana gidana. Ya yi tofo. In ɗauri ne a ɗaure ni."

Ajidan bai san ta ba. Ya buɗe littafinsa, ya tambaya da ladabi, "Inna, shi marigayi Ishaƙu, mene ne naki?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. Aka jira, aka jira.

"Na uwar mijina ne," ta ce. "Ita ta yi renonshi."

Ajidan ya daɗe yana dubanta. Sannan ya rufe littafin, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ya taɓa gaya mana," ya ce. "In ya je hutu ba a ce mashi sannu da zuwa. In ya dawo birgad, wurin aikinmu, ya buɗe jaka, sai ya tarar da gyaɗa a ƙasan kaya, mu yi sati muna ci." Ya juya ga Maigari. "Ni ban ga sata a nan ba. A bar itacen inda ya yi tofo."

Maigari ya yi gyaran murya, ya ce, "Ilyasu, mun zalunce ka. Kira shanunka."

Ilyasu ya miƙe, ya sa hannu a baki ya yi kira guda. Garken ya taso da gudu, mutane suka watse suna ba su hanya, shi da Malam Bilal suka kama guga. Jatau ya koma gefe ya zauna a kan bakin kwalon shayar da dabbobi, ba wanda ya zo kusa da shi sai Barira, ta dangwarar masa da ƙwarya ta ce ya sha kafin ya faɗi a ce ita ce.

*

An yi addu'a ranar Alhamis, manya sun zo sun koma. Biba ba ta tsaya ba, ta ce tana da aiki a gida. Da damina ta faɗi aka ƙone ramin aka canja ƙasa, aka dasa wani mangwaron a gaban allon Ishaƙu, ya kama. Mushe Shu'aibu ya sauka daga ban ruwa, Barira ta karɓa, kuma ba wanda ya isa ya tsinki ganye. Malam Bilal har yanzu yana cewa allon bidi'a ne, har yanzu kuma yana jan ruwa a rijiyar. Ilyasu ya rasa maraƙi ɗaya a ƙarshen bazarar, sauran sun kai damina. Wanda ya yi maganar nan daga bayan taro bai taɓa zuwa ya ba da haƙuri ba. Biba ta rasu shekara biyu bayan haka, mangwaron bayan rumbunta ya fi na rijiya tsawo, maƙwabta ke ba shi ruwa. Jatau ya koma bin sawu, na awaki da jakuna kawai, ban da na shanun sata. Yana nan a gidansa shi kaɗai, 'ya'yansa ba su dawo ba tukuna.